Gundamma da 'Yar Bora: Marainiya a Gidan Matar Uba, daga Madaras zuwa Kakuri



GABATARWA

Wannan lacca ta shafi wani tsohon fim na ƙasar Indiya mai suna Gundamma Katha, watau Labarin Gundamma, wanda aka fitar ranar 7 ga watan Yuni na shekarar 1962 cikin harshen Telugu. Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa mutumin Kakuri ko na Barnawa da fim ɗin da aka yi shekaru sittin da ɗoriya da suka wuce, cikin harshen da ba ya ji? Amsar ita ce, labarin da fim ɗin ya ƙunsa labari ne da kowane Bahaushe ya sani tun yana zaune a gaban kakarsa, kuma matsalar da ya taɓo tana nan kwance a cikin gidajen unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna. Matsalar kuwa ita ce matsayin yarinyar da ke zaune a gidan da mahaifiyarta ba ta ciki.

Za a fara da bayanin mutanen da suka yi fim ɗin, sa'an nan a kawo labarin a taƙaice, a gwada shi da abin da ke cikin adabin Hausa, a duba inda ya yi daidai da inda ya gaza, daga ƙarshe a dawo gida a ga abin da ya rataya a wuyan mai sauraro.

TELUGU DA FINA-FINANSU

Yawancin Hausawa in sun ce fim ɗin Indiya, abin da suke nufi shi ne fim ɗin birnin Bombay, wanda ake yi da harshen Hindi. Irin waɗannan ne 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawowa gidajen silima na Arewa tun cikin shekarun 1950, suka kuwa sami karɓuwa ƙwarai. Fim ɗin Mother India na shekarar 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis ta fito a matsayin uwa, ya shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji da kallonsa ba. Wani masani mazaunin jami'a, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta maƙala a kan wannan shaƙuwa a shekarar 1997.

To, amma fa Indiya ba harshe ɗaya gare ta ba. A kudancin ƙasar akwai manyan harsuna huɗu, watau Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam, kowanne da adabinsa da masana'antar fim tasa. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna masu Telugu a matsayin harshen uwa sun kai wajen miliyan 81. Mazauninsu shi ne jihar Andhra Pradesh, wadda aka kafa a 1956, aka kuma cire jihar Telangana daga cikinta a 2014. Sun fara yin fim mai magana tun farkon shekarun 1930, amma a zamanin da ake batu ba a ƙasarsu ake ɗaukar yawancin fina-finansu ba, sai a birnin Madaras na Tamil, wanda aka mayar da sunansa Chennai a 1996.

A can Madaras ɗin ne kamfanin Vijaya yake, na wasu abokai biyu, B. Nagi Reddi da Chakrapani. Nagi Reddi shi ne mai kula da sha'anin kuɗi da ɗakin ɗaukar hoto, Chakrapani kuwa marubuci ne. Kafin Gundamma Katha sun riga sun yi suna da fina-finai irin su Pathala Bhairavi na 1951 da Missamma na 1955 da Mayabazar na 1957. Asalin labarin Gundamma sun samo shi ne daga wani fim na harshen Kannada mai suna Mane Thumbida Hennu na 1958, Chakrapani ya sake masa fasali, ya kuma haɗa shi da wata dabara da ya aro daga wasan kwaikwayon Shakespeare na Ingila game da ladabtar da mace mai tsiwa. Kamalakara Kameswara Rao shi ya ba da umurni, Ghantasala ya tsara kiɗa da waƙoƙi.

'Yan wasan da aka tara su ne manyan zamaninsu. Akwai N. T. Rama Rao, wanda wannan ne fim ɗinsa na ɗari, wanda kuma daga baya ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a 1982, ya zama Babban Ministan Andhra Pradesh a 1983. Akwai Akkineni Nageswara Rao, da Savitri, da Jamuna, da S. V. Ranga Rao. Amma duk da waɗannan taurari, sunan da aka ba fim ɗin na matar da Suryakantham ta fito a madadinta ne. Ita wannan Suryakantham ta ƙware wajen fitowa a matsayin muguwar suruka ko matar uba, har Telugu suna faɗin cewa saboda ita iyaye suka daina raɗa wa 'ya'yansu mata wannan suna.

LABARIN A TAƘAICE

Gundamma mace ce mai dukiya wadda mijinta ya rasu. Ya bar ta da 'ya'ya biyu na cikinta, Saroja da Prabhakar, da kuma Lakshmi, 'yar da matarsa ta fari ta haifa ta rasu ta bari. Saroja ta tashi a sangarce, ba ta ɗaga ko tsinke. Lakshmi kuwa ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce girki, ba ta da wani matsayi a gidan ubanta da ya wuce na baiwa. Da lokacin aure ya zo, Gundamma ta tsara abin da take so: Saroja ta auri ɗan masu arziki, Lakshmi kuwa a ba ta wani marar galihu wanda zai tare a gidan, don kada a rasa mai aiki, a ma ƙara samun na biyu. Akwai kuma wani ɗan'uwan Gundamma mai suna Gantayya, wanda ke ɓata duk neman auren da ya zo wa Saroja, domin yana so ɗansa ya aure ta dukiyar ta dawo hannunsu.

Ana cikin haka sai Ramabhadrayya, wani attajiri abokin marigayi maigidan, ya zo gidan kan maganar aure. Ya ga halin da 'yar amininsa ke ciki, abin ya taɓa shi. Ya koma ya shirya dabara da 'ya'yansa maza biyu. Babban, Anji, ya ɓad da kama ya shiga gidan Gundamma a matsayin bara marar kowa, ya yi ta aiki yana taya Lakshmi, har Gundamma ta ga ai ga irin mijin da take nema ya kawo kansa, ta aura masa ita. Ƙaramin, Raja, ya nemi Saroja ya aure ta. Bayan an ɗaura aure sai ya nuna mata cewa shi ba ɗan attajiri ba ne, ba shi da komai, ya tafi da ita wani lambu inda suka zauna a matsayin ma'aikata, ta koyi girki da aikin hannu da cin abin da ta wahala a kansa. Anji kuma ya ɗauke Lakshmi ya kai ta gidan ubansa, inda ta gane ko wane ne ta aura.

Gida ya rage daga Gundamma sai ɗanta da matarsa Padma. Sai wata 'yar'uwar Padma mai suna Durgamma, wadda ta fi Gundamma baki da rashin mutunci, ta shigo ta mamaye gidan, har ta kai ga an kulle mai gidan a ɗakin ajiya. Wadda ta zo ta fitar da ita kuwa ita ce Lakshmi tare da mijinta. A ƙarshe gaskiya ta bayyana ga kowa, Gundamma ta yi nadama, aka haɗu aka zauna lafiya.

Ya kamata a sani cewa ba cikin kuka da baƙin ciki aka ba da wannan labari ba. Fim ne na raha, mai cike da barkwanci da waƙoƙi, ciki har da wata wadda Anji ke rerawa game da farkawar mata daga barci. Wannan raha ita ta sa ya shiga zukatan jama'a, har yau kuma Telugu suna lissafa shi cikin fitattun fina-finansu na iyali.

GUNDAMMA A ADABIN HAUSA

Duk wanda ya saurari wannan labari zai tuna da tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Alhaji Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. A cikin tatsuniyar, wani mutum ne ke da mata biyu, Mowa wadda yake so da Bora wadda ba ya so, kowacce da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar Bora laifin da ba ita ta yi ba, aka kore ta ta tafi wanki a Ruwan Bagaja. Saboda ladabinta da biyayyarta ga duk wanda ta tarar a hanya, ta komo gida da dukiya da daraja. 'Yar Mowa ta ce ita ma sai ta je, ta tafi da raini da tsiwa, ta komo da abin kunya.

Ginin labarin guda ne: yarinya biyu a gida ɗaya, ɗaya a wulaƙance ɗaya a shagwaɓe, tafiya ta raba su da gida, ƙarshe kowacce ta girbi halinta. Duk da haka akwai bambanci iri biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, 'yar Bora tana da uwa a raye, ko ba komai tana da ɗakin da za ta shiga ta yi kuka. Lakshmi ba uwa ba uba, marainiya ce ta kowace fuska. Na biyu, tatsuniya ta bar 'yar Mowa cikin wulaƙanci, ba ta waiwaye ta ba. Fim ɗin kuwa ya ɗauki Saroja a matsayin wadda ita ma aka cuta, domin uwar da ta hana 'yarta koyon komai ba gata ta yi mata ba. A wannan gaɓa Chakrapani ya hangi abin da mai tatsuniya bai tsaya a kansa ba.

Harshen Hausa da kansa shaida ne cewa al'ummar ta daɗe tana fama da wannan al'amari, domin ba a ƙirƙirar kalmomi barkatai a kan abin da ba ya faruwa. Akwai maraya, akwai agola, watau ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon mijinta, akwai ɗan riƙo, akwai kishiyar uwa, akwai kuma 'yan ubanci, kalmar da ta fita daga cikin gida har ta zama sunan kowace irin gaba tsakanin makusanta. A gefe ɗaya kuma akwai karin maganar da ke cewa ɗa na kowa ne. Tsakanin wannan karin magana da waɗancan kalmomi ne rayuwar yara masu yawa take rataye.

A rubutaccen adabi na baya-bayan nan, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kwikwiyo Ne, na shekarar 1990, ya bi irin wannan hanya. Maigida ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, Rabi ta riƙe su da sana'ar abinci, 'yarta Saudatu ta auri mai arziki, shi kuwa maigidan dukiyarsa ta ƙone, ya dawo yana neman wadda ya kora. Abin sha'awa a nan shi ne, da aka fassara littafin zuwa Ingilishi, wani kamfanin ɗab'i mai suna Blaft ne ya buga shi a 2012, a birnin Chennai, watau birnin da aka ɗauki Gundamma Katha. Labarin gidan Bahaushe ya je har can ya sami masu karatu, kamar yadda labarin gidajensu ya zo nan ya sami masu kallo.

Shigowar fina-finan Telugu ƙasar Hausa kuwa ta biyo wata hanya ce dabam da ta gidajen silima. Daga wajen shekarar 2012 ɗakunan ɗaukar murya na Kano, musamman Algaita, suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan Indiya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓa na kudancin ƙasar ne. Ɗaya daga cikin na farko-farko shi ne fim ɗin Chatrapathi na 2005, wanda S. S. Rajamouli ya shirya, Prabhas ya fito a ciki. Ko da yake fim ne na faɗa, gindinsa na iyali ne, kuma ya juya labarin Gundamma: a nan matar uba ce ke ƙaunar ɗan mijinta tsakani da Allah, ɗan cikinta kuwa hassada ta ci shi. Ke nan matasan da ke kallon irin waɗannan fassarori a wayoyinsu a Makera ko Nasarawa, jikokin Gundamma Katha suke kallo ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

INDA FIM ƊIN YA YI DAIDAI, DA INDA YA GAZA

Abu na farko da fim ɗin ya gane shi ne cewa muguntar Gundamma ba hauka ba ce, lissafi ce. Ba ta son Lakshmi ta bar gidan, domin in ta tafi wa zai yi aikin? Zaluncin da ake yi wa marayu a cikin gida sau da yawa ba daga ƙiyayya kawai yake tasowa ba, daga amfani yake tasowa. Yarinyar da ba ta da mai tsaya mata ita ce ma'aikaciyar da ba a biya, wadda ba ta yajin aiki, ba ta kuma da inda za ta kai ƙara.

Abu na biyu shi ne cewa gidan da aka gina a kan danne wani ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Da Lakshmi ta fita, gurbin wanda ake dannewa ya zama fanko, kuma Gundamma ce da kanta ta faɗa ciki. Ɗanta, wanda ya tashi yana ganin ana wulaƙanta 'yar'uwarsa bai ce komai ba, bai zama garkuwa ga mahaifiyarsa ba sa'ad da aka juyo kanta. Yaro yakan koyi abin da ya ga ana yi ne, ba abin da aka ce masa ya yi ba.

To, sai dai kuma akwai wuraren da mai kallo na yau ba zai bi fim ɗin ido rufe ba. Da farko dai, hanyar da aka bi aka gyara Saroja hanya ce ta yaudara. An aure ta bisa ƙarya, an raba ta da gidansu bisa ƙarya, an kuma bar ta cikin fargaba har sai da mazan gidan suka ga ta yi laushi. Labarin ya ba wannan kyakkyawan ƙarshe domin marubuci ne ke riƙe da alƙalami. A rayuwa ta zahiri, mijin da ya ɗauki kansa malamin ladabtar da matarsa ba kasafai yake zama Raja ba.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne yadda aka ceci Lakshmi. Ba ta sami 'yanci don wani ya ce tana da hakki ba. Ta samu ne don an yi sa'a mahaifinta yana da aboki attajiri, mai tausayi, mai 'ya'ya maza biyu da suka isa aure, masu kuma yarda su yi wasan kwaikwayo. A cire ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, sai Lakshmi ta tsufa a bakin murhu. Haka 'yar Bora, da ba ta gamu da abubuwan al'ajabi a hanya ba, da wankinta kawai za ta yi ta dawo. Haka Saudatu, mai arziki ne ya gan ta. Labaran nan uku duk suna koya wa yarinya haƙuri, suna yi mata alkawarin cewa wani zai zo. Haƙuri kuwa abu ne mai kyau, amma in aka mai da shi shi kaɗai ne maganin zalunci, to azzalumi ne ya fi kowa cin ribarsa.

Akwai tambayar da labarin bai bi ta kanta ba, ita ce, dukiyar da Gundamma ke taƙama da ita ta wace ce? Shekara shida kafin fim ɗin ya fito, watau a 1956, Majalisar Indiya ta yi dokar gādo ta mabiya addinin Hindu, wadda ta ba matar mamaci da 'ya'yansa maza da mata rabo daidai a cikin dukiyar da ya tara da kansa in bai bar wasiyya ba. A 2005 aka gyara dokar, aka ba 'ya mace hakki irin na ɗa namiji a dukiyar kakanni ma. In kuwa aka ɗauko gidan Gundamma aka ajiye shi gaban alƙalin Musulunci, a ce mamacin bai bar iyaye a raye ba, lissafin a bayyane yake. A raba dukiyar kashi 32. Matar tana da tumuni, watau kashi 4. Sauran 28 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki 14, kowace mace ta ɗauki 7. Ashe ke nan rabon Lakshmi a gidan ya kusa ninka na Gundamma. Wadda ake aika kamar baiwa ta fi mai aikenta hakki a cikin tukunyar da take wankewa.

A DAWO KUDANCIN KADUNA

Unguwannin da ke ƙetaren kogi, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, tashar jirgin ƙasa da masana'antu ne suka raya su. A shekarar 1957, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Wasu masaƙun suka biyo baya cikin shekarun 1960, ciki har da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, sa'an nan kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban mutane suka taso daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Musulmi da Kirista, suka kama ɗakunan haya a waɗannan unguwanni.

Wannan ƙaura ta canza yanayin riƙo. A ƙauye, in aka ba mace riƙon yarinya, akwai idanu da yawa a kanta: kaka tana nan, gwaggo tana maƙwabtaka, kawu yana wucewa ta ƙofar gida kullum, mai unguwa ya san asalin kowa. Riƙo a wannan yanayi hanya ce ta ƙarfafa zumunci, kuma mutane da yawa da suka zama wani abu a ƙasar nan a hannun mariƙa suka tashi, suna kuma yi musu addu'a har gobe. Amma ma'aikacin da ke zaune a ɗakin haya a birni, wanda ya aika gida a turo masa yarinya ta taya matarsa aiki, ya ɗauko ta ne daga inda ake ganinta ya kawo ta inda ba mai ganinta. Sunan abin bai canza ba, riƙo ne, amma masu sa ido sun ragu.

Daga baya kuma wasu masifu suka ƙara yawan irin waɗannan yara. Rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002 sun bar marayu a ɓangarorin biyu, suka kuma raba maƙwabtan da suka shekara talatin tare, wasu suka koma arewacin kogi, wasu suka dawo kudu. A 2002 ɗin ne kuma masaƙar Kaduna Textiles ta rufe, wasu suka bi sahunta a shekarun da suka biyo baya. Ma'aikata da yawa suka rasu suna jiran hakkokinsu, matansu suka rarraba 'ya'ya ga dangi domin ba yadda za su yi. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan ya shiga wani gida, kuma a kowane gida akwai zaɓi, ko a zama Gundamma ko a zama uwar da ke cikin Chatrapathi.

Alamar gane gidan Gundamma ba ta da wuya, ba ta kuma bukatar shiga cikin gidan. A tsaya a bakin titi da ƙarfe bakwai na safe. In aka ga yara sun fito sanye da kayan makaranta, wata tsararsu tana biye da su riƙe da jakunkunansu da kwanon abincinsu, ta raka su ta komo ta ɗauki bokiti ko farantin talla, to an ga Lakshmi.

Bambancin yau da zamanin tatsuniya shi ne, yarinyar nan ba ta bukatar jiran attajiri, domin doka ta riga ta san da zamanta. Dokar Kare Hakkin Yara ta Tarayya ta fito a 2003. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora alhakin kai shi a kan uba ko mariƙi, ba ta bambanta ɗan ciki da ɗan riƙo ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne. Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kula da walwala da kare yara a 2018. Kafin duk waɗannan, Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani game da cin dukiyar maraya, ta kuma tsara rabon gādo dalla-dalla, Littafi Mai Tsarki na Kirista shi ma ya nanata kula da marayu da matan da mazansu suka rasu. Ashe ba rashin doka ba ne matsalar, rashin wanda zai ɗaga ido ya duba ne.

KAMMALAWA

A cikin fim ɗin duka, mutumin da ya fi cancanta a yi koyi da shi ba Anji ba ne, ba kuma Raja ba. Ramabhadrayya ne, ba don dukiyarsa ko dabararsa ba, sai don abin da ya yi tun farko. Ya shiga gidan a matsayin baƙo, aka kawo masa abin sha, ya lura da wadda ta kawo, ya nemi sanin ko 'yar wace ce. Baƙi nawa ne suka shiga gidan kafin shi suka sha suka tashi?

Wannan aiki bai fi ƙarfin kowa a zauren nan ba. Malamin makaranta yana iya tambayar ɗalibinsa ko akwai yaro a gidansu da ba ya zuwa aji. Ma'aikacin jin daɗin jama'a da ma'aikacin asibiti suna iya rubuta abin da suka gani maimakon su kau da kai. Alƙali da magatakarda, in maganar gādo ta zo gabansu, suna iya tambaya ko mamacin ya bar 'ya'ya daga wata matar, su kuma tabbata an rubuta rabon marayu an damƙa shi ga amintacce. Limami da fasto suna da mumbari. Ɗalibin da zai kama aiki gobe ya yi aure, wata rana za a ce masa ga 'yar ƙanin babansa nan za a turo ta taya matarsa zama. Ranar da ta iso, kafin a nuna mata inda tsintsiya take, a fara kai ta a rubuta sunanta a makarantar da 'ya'yan gidan suke zuwa.

Allah ya ba da ikon riƙon amana.